Zazzaɓin aladu: gwaji ɗaya ya isa, allura ɗaya ta kasa

Tambaya: Likita, ina kiwon aladu a wajen Kafanchan. Na ji an ce ƙwayar zazzaɓin aladu na Afirka iri-iri ce. To yaya gwaji ɗaya yake gano dukkansu, amma allurar rigakafi ta gagara?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ƙwayar nan babba ce, tana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 150 jere a kan zare ɗaya, kuma ba duka ne suke sauyawa ba. Na tsakiya su ne masu gina jikinta da hayayyafarta, da wuya su motsa, domin in sun lalace ita ma ta mutu. Cikinsu akwai wanda ke yin sinadarin p72, ɓawon da ya lulluɓe ta. Wannan ƙwayar gadon ce gwajin PCR, mai gano ƙwayoyin gado, yake nema a ɗakin bincike irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, shi ya sa yake kama ta ko daga ina ta fito. Da ɗan bambancin da ke wutsiyar ƙwayar gadon p72 ne aka raba ta iri 24.

Gefuna biyun zaren kuwa ba su da tabbas. Wani yanki ya ɓace, wani ya ninku, kuma a nan ne yawancin dabarunta na kauce wa garkuwar jikin alade suke. Kamar mutum ne mai sauya riga: ɗan sanda, wato gwaji, ya gane shi da zanen yatsa, amma maigadi, wato garkuwar jiki, rigar kawai ya sani. An gwada yin allura da p72, ba ta kare alade yadda ake so ba.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. Tun ɓarkewar 1997 iri na ɗaya aka sani a Najeriya, sai a annobar 2020 ta gonar Oke-Aro, kusa da Legas, aka tabbatar da iri na biyu, wanda ya shiga ƙasar Jojiya a 2007, ya kai Sin a 2018. Biyetnam ta amince da allurai a 2023, amma da iri na biyu aka yi su, kuma a Sin an samu ƙwayar da ta gauraya na ɗaya da na biyu, wadda irin waɗannan allurai ba su tare ta ba.

Don Allah kada ka sayi allurar da ba ka san asalinta ba. Aladen da ka sayo daga kasuwa ka ware shi wata guda, ka daina ba aladunka ragowar abinci mai naman alade, kuma kada dillali ya shiga garkenka da takalminsa.