Inji ya cinye wa ƙanena yatsu, an ce ƙaddara ce

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ƙanena makanike ne a wani kamfanin sarrafa shinkafa a yankin Kura. Yana tsakiyar gyaran bel wani ya kunna injin, ya rasa yatsu uku. Manaja ya biya kuɗin asibiti, yanzu ya kawo takarda a sa hannu cewa magana ta ƙare, wai shi ɗan aikin yini ne. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Abu na farko, kada ya sa hannu a takardar nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta hana ma'aikaci yafe haƙƙinsa na diyya ta hanyar yarjejeniya da mai kamfani, amma takarda irin wannan kan dagula shari'a daga baya. Batun aikin yini kuwa ba hujja ba ce. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki aka ɗauke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi har injin ya tashi hannun mutum na ciki. A masana'antar da ta san aikinta, makanike ba ya taɓa inji sai da takardar izinin aiki. Mai kula da sashen ne ke sa mata hannu bayan an kashe wuta daga babban suwic, an garƙame shi da kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyaran, an rataya allon gargaɗi. Sai ya gama ya mayar da takardar kafin a cire kwaɗon. Ku tambaya: an rubuta irin wannan takarda ran nan? Wa ya sa hannu? In babu, nauyin yana wuyan masu wurin, domin su ne ke da alhakin tsara aiki yadda ba zai halaka mutum ba. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ta goge haƙƙi. Dokar masana'antu ta 1987 ma ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da kai rahoton hatsarin da ya hana mutum aiki fiye da kwana 3.

Ku lura da lokaci. Ya sanar da kamfanin cikin kwana 14, a rubuce, ku riƙe kwafi. Su kuma suna da kwana 7 su kai rahoto NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, wadda doka ta ce kamfani ya riƙa zuba mata kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, ba tare da cirewa daga albashinsu ba. Neman diyyar a yi shi cikin shekara guda. A nan ba sai kun tabbatar da laifin kowa ba, ya isa a ce a bakin aiki raunin ya same shi.

In kamfanin bai yi rajista ba ko ya yi kunnen uwar shegu, ku kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke Kano, inda sufetocin masana'antu suke. Akwai kuma Kotun Masana'antu ta Ƙasa, reshen Kano. Kafin ku nufi kotu ku zauna da lauya, don ba a cin diyya biyu a kan rauni ɗaya. Tun yau ku tattara katin asibiti, rasit, hoton injin, da sunayen waɗanda ke wurin, tun kafin a sallame su ko a ja musu kunne.