Hukuncin Doguwar Tafiya a Kan Babur Lokacin Damina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da abokina muna shirin zuwa Jos daga nan Zariya a kan babura, ta Pambeguwa da Saminaka, mu gaida dangi, mu kuma ga gari. Ga shi muna tsakiyar marka. Shin tafiyar ta halatta? In ruwa ya tare mu a hanya, ko'ina caɓi, yaya za mu yi da salla? Kuma taɓon da ke fantsama a tufafi najasa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, asalin tafiyar halal ce, niyyar sada zumunci kuma ta mai da ita abin lada. Sai dai halaccin yana rataye da rinjayen zaton kuɓuta. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku cikin halaka. Duk lokacin da zatonka ya rinjaya cewa ci gaba zai cutar da kai ko wani, tsayawa ta zama wajibi a kanka.

Wannan ƙa'ida tana buƙatar sanin hanya, don haka bari in faɗi inda ake samun matsala. Kwalta ta fi santsi a farkon saukar ruwa, saboda baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kanta suna tasowa kafin ruwan ya wanke su. Wanda ya tsaya a rumfa na ɗan lokaci da ruwan ya fara ya fi wanda ya ƙara wuta don ya tsere wa hadari hankali. Tayar da zanenta ya suɗe ba ta iya kore ruwa daga ƙarƙashinta, sai ta riƙa yawo a samansa, a canja ta kafin a bar gida. Birki idan ya jiƙe ba ya kamawa nan take, shi ya sa ake ninka tazara tsakaninka da motar gaba, a riƙa taka na baya da matsa na gaba tare, a hankali, kuma ba a cikin kwana ba. Ramin da ruwa ya cika ba a sanin zurfinsa. Ruwan da ke gudu a kan kwalbati kuwa, ko da gwiwa bai kai ba, yana iya kwashe babur da mai shi, kuma in ya shiga ta wurin shaƙar iska injin ya mutu a tsakiya. Shiga irin wannan ruwa ba tare da lalura ba, a ganina, haramun ne. A rufe kan fulogi da kyau, a shafa wa kaca mai bayan kowane ruwa, a bar fitila a kunne ko da rana, kada kuma a fake ƙarƙashin bishiya tilo ana tsawa.

Hular kwano wajibi ce ta fuska biyu: kare rai, da biyayya ga hukuma cikin abin da ba saɓo ba, domin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ta tun 1 ga Janairu, 2009. Tafiyar dare kuma ku bar ta. Buhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa da mutane sun san abin da Annabi (SAW) ya sani game da kaɗaici, da mahayi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Ku biyu ne, haka ne, amma duhu da ruwa da hasken tirela a ido sun ishe ku dalili.

Sai salla. Nisan ƙasaru a mazhabar Malikiyya baridi 4 ne, mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai. Zariya zuwa Jos ta haura kilomita 200, saboda haka Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu ne, kuma sunna ce mai ƙarfi. Ba a farawa sai an wuce gidajen gari da unguwannin da suka haɗe da shi. Wanda ya taso daga Ƙofar Doka ya tsaya shan mai a Tudun Wada bai zama matafiyi ba tukuna. In kun yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a Jos, da isarku sai ku cika, haka ma in kun bi limami mazauni. Malamanmu sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don wasa zalla, amma taku akwai ziyarar dangi a ciki, ba ta shiga wannan ba.

Haɗa salloli shi ne sauƙin da ya fi amfanar mai babur da damina. Idan rana ta yi zawali kana hanya, kuma kana sa ran sauka kafin ta yi fatsi-fatsi, ka jinkirta Azahar ka haɗa ta da La'asar a inda ka sami wuri busasshe. Idan zawalin ya same ka a sauke, ka san kuma ba za ka sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, ka kawo La'asar ka yi ta tare da Azahar. Babu dalilin da zai sa mutum ya yi gudu cikin ruwa yana cewa yana tsoron lokaci ya fita.

Farilla a kan babur yana tafiya ba ta inganta. Annabi (SAW) yana yin nafila a kan abin hawansa, amma in farilla ce sauka yake yi ya fuskanci alƙibla. Nafilar ma ba na ba mai tuƙi shawarar ta, raƙumi yana ganin gabansa, babur kuwa idon mai shi ne idonsa. In lokaci ya ƙure kana cikin caɓin da ƙafa ke nutsewa, babu masallaci, babu rumfa, babu tudu, to Ibn Abi Zaid ya yi bayani a Risala: ka sauka, ka yi salla a tsaye, ka yi nuni da ruku'u, nunin sujada ya fi shi ƙasa. In sauka ma ta gagara, ka tsayar da abin hawan ka yi a kansa kana fuskantar alƙibla. Amma ƙasa mai danshi kawai ba uzuri ba ce. Abu Sa'id al-Khudri ya ga alamar ruwa da taɓo a goshin Annabi (SAW) bayan ya yi sujada, hadisin yana Buhari da Muslim. Ka shimfiɗa rigar ruwanka in mai tsarki ce, ka cire hular kwano domin goshi ya taɓa ƙasa.

Taɓon ruwan sama an yafe shi, ko da ana zaton ya gauraya da najasar hanya, muddin najasar ba ta rinjaye shi ba, kuma ainihinta bai same ka ba. Haka yake a Mukhtasar na Khalil. In ka ga ƙazantar kwata ƙuru-ƙuru a wandonka, wannan wurin kaɗai za ka wanke.

Ruwan sama mai tsarkakewa ne, don haka babu taimama alhali indararo na zuba, sai in sanyi ya kai ga tsoron rashin lafiya kuma babu yadda za a ɗumama ruwan, abin da kan iya faruwa da wanda ya jiƙe sharkaf a sanyin Jos. Kududdufin da ƙasa ta jirkita launinsa ana alwala da shi, wanda fetur ko baƙin mai ya canja masa ɗanɗano ko wari ba a yi. Shafa a kan takalmi kuwa, a Malikiyya sai na fata ɗinkakke wanda ya rufe idon sawu, aka sa shi bayan cikakkiyar alwala, kuma a kankare laka daga kansa kafin shafar. Dogon takalmin roba na damina bai cika wannan sharaɗi ba, sai ka cire shi ka wanke ƙafa.

Wallahu a'alam.