Amsoshin Tambayoyinku: Kantar littattafai a ƙaramin falo

Tambaya daga wata amarya a Zariya: Anti, ciki da falo muke haya, falon kuma ɗan ƙarami ne. Maigidana malamin makaranta ne, ya kafa kantar littattafai mai hawa biyar a jikin bango. Ni kuma ina da kayan adon da aka tara mini da biki: furannin roba, firem-firem, agogo biyu, kofunan gilas da kwalaben turare. Na jera su a gaban littattafan, amma kullum na shigo sai in ga kamar falon ya ƙara matsewa. In sayo wasu masu kala ɗaya ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, kada ki sayi komai tukuna. Abin da kike da shi ma ya yi wa kantar yawa.

Jere kika yi, kuma ba laifinki ba ne, da shi muka tashi. A ɗakin iyayenmu yawan kwanuka shi ne adon: samira kan samira, fanteka kan fanteka, har su kusa taɓa rufi, duk wanda ya shigo ya san 'yar gata ce. To amma kantar littattafai ta riga ta zo da nata adon. Kowane littafi da launin bayansa, wani kore, wani ja da rubutun ruwan zinare. In kika ɗora furen roba da agogo a gabansu, ido ya rasa inda zai sauka, shi ya sa kike jin ɗakin ya cushe alhali ko taku ɗaya bai ragu ba.

Ki zaɓi ranar da maigida yake gida ku sauke komai ƙasa, ki goge kantar, sannan littattafai su fara komawa. Ki tambaye shi waɗanda yake ɗauka kullum, su ne za su zauna daidai hannu. Manya masu nauyi, irin ƙamus da littattafai masu mujalladi da yawa, su sauka hawa na ƙasa, don nauyin ƙasa ne yake riƙe kanta. Alƙur'ani kuwa wurinsa hawa na can sama, shi kaɗai ko da littattafan addini, ba a ɗora masa komai, ba a jingina masa firem. Ki jawo littattafan su zo kusa da bakin kanta a layi ɗaya. Hakan yana hana ƙura taruwa a gabansu, yana kuma hana ki sha'awar cusa wani abu a wurin.

Adon naki zai zauna a hawa biyu na tsakiya, inda idon mai zaune a kujera yake fara faɗawa. A kowannensu ki bar kamar kashi ɗaya cikin uku ba littafi. Cikin wannan filin ki sa abu ɗaya babba, ko ƙanana uku da tsayinsu ya bambanta, dogo a baya, gajere a gaba. In filin hawa na uku yana dama, na hawa na huɗu ya koma hagu, kada su yi sahu ɗaya. Littattafai uku ko huɗu kuma ki kwantar da su, ki ɗora ƙaramar kwalbar turare a kai, muddin ba na addini ba ne. Launi biyu ya isa, ki ɗauko su daga labule ko kujerunki.

Agogo ɗaya ya koma bango, ɗayan ya shiga uwarɗaka. Kofunan gilas kicin ne gidansu. Caja, rimot, rasit da ƙananan littattafai marasa kauri da ba sa iya tsayuwa, ki samo kwando mai marfi ki zuba su, ki ajiye a ƙasa. Sauran kayan ki naɗe a kwali, in Sallah ta zo ki canza, sai falon ya zama sabo ba ki kashe ko kwabo ba. Abu ɗaya ne ban yarda ki ɓoye ba: in akwai wanda uwar miji ta ba ki da hannunta, ko bai dace da labule ba, ki ba shi wuri mai kyau. Za ta zo, kuma za ta duba.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Ɗaki ɗaya gare ni, littattafaina suna cikin kwali. In sayi kantar da aka riga aka haɗa a shagon kayan ɗaki, ko in ba kafinta? Mai ƙofar gilas ko buɗaɗɗiya?

Amsa: Malam, ni dai kafinta zan ce, domin a ƙaramin ɗaki inci biyu ma abin lissafi ne, kuma shi ne zai zo da tef ya auna bangonka. Sai dai ka je masa da awonka a hannu, in ba haka ba zai yi maka zurfin kabad ɗin tufafi. Littafi ba ya bukatar fiye da inci 10 zuwa 12. Kantar Billy ta kamfanin kayan ɗaki na IKEA, wadda ake sayarwa tun 1979 kuma ta shiga gidaje a faɗin duniya, zurfinta santimita 28 ne kawai, wato kusan inci 11. Ka sa a yi maka doguwa siririya wadda ta nufi silin, don sama fili ne da ba ka amfani da shi, ƙasa kuwa nan kake shimfiɗa darduma.

Yawancin na shago da MDF ake yinsu, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da santsi da kyan gani, amma ruwa maƙiyinsa ne. In ruwan mofa ya riƙa taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. Yana kuma lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyi, shi ya sa kake ganin tsakiyar wasu kantoci ya lotsa bayan shekara ɗaya. In MDF ɗin ne daidai aljihunka, kaurinsa kada ya gaza milimita 18, faɗin kowane hawa kada ya wuce ƙafa biyu da rabi, a kuma yi mata ƙafafu su ɗaga ta daga siminti. In da hali, filawud mai kauri ko katakon maɗaci ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma ka tabbata busasshe ne, ɗanye yana murɗewa in hunturu ya busa. A shafa masa maganin gara kafin fenti. Kada ka manna ta da bangon da yake tsatsafo da damina.

Batun gilas, duk wanda ya yi hunturu a Arewa ya san amsar. Ƙofar gilas a rabin sama za ta rage maka shara sosai, amma ka ce mai zamewa gefe kake so, don mai buɗowa waje tana cin wuri. Rabin ƙasa a yi masa ƙofar katako, ya ɓoye tarkace.

Sannan a ɗaure ta da bango da ƙarfe mai kusurwa da sukuru. Wannan ba ado ba ne, rai ne. A 2016 IKEA ta janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara ƙanana har wasu suka rasu. Yaro in ya ga kanta tsani yake gani. Ko kai gwauro ne yau, 'ya'yan 'yan uwa suna shigowa.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Ba na son gumaka ko hoton mai rai a falona saboda addini, kuma kusan duk kayan adon shaguna irinsu ne. Me zan saya?

Amsa: Hajiya, kina zaune a Kano ai nema ya ƙare. Ki shiga kasuwar Kurmi da natsuwa. Akwai ƙwarya mai zanen wuƙa, akwai faifai mai launi wanda in kika jingina shi a bayan hawa ya cika wurin shi kaɗai, akwai ƙananan akwatunan fata, da kayan tagulla irin na Bida, buta da tire masu bugun guduma. Ƙaramar tukunyar ƙasa ma ado ce mai daraja. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan naira 20, da ginin tukwane duniya ta san ta. Allo ƙarami da rubutu mai kyau ya dace da hawa na sama kusa da littattafan addini. Launin waɗannan kaya, ruwan ƙasa da ja da baƙi, yana zama lafiya da littattafai fiye da roba mai ƙyalli, kuma in sun tsufa kyau suke ƙarawa. Ki tafi da awon tsayin hawan a rubuce, ki sayi biyu ko uku, ki zauna da su mako guda kafin ki koma.

Tambaya daga Maraɗi: Zan iya ajiye kaskon turaren wuta da tukunyar shuka a kan kanta?

Amsa: Kasko in ba wuta a ciki, bismillah. Da garwashi kuwa a'a: hayaƙi yana baƙanta ƙasan hawan da ke sama, takarda kuma ba ta da haƙuri da tartsatsi. Ki turara ɗaki a ƙasa, in kaskon ya huce ki mayar. Shuka kamar alobera tana son haske, don haka sai in kantar tana kusa da taga, ki sa faranti a ƙarƙashin tukunyar, ki riƙa sauke ta in za ki ba ta ruwa. In kuma kina zuba kafur saboda kyankyasai, ki sa shi can sama a bayan littattafai, domin yara suna ɗauka alewa ce, kuma guba ne.