Ku Tambaya Mu Amsa: Fire Emblem, Final Fantasy Tactics ko XCOM, da wanne za a fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya sanyi. Ni dai tun tasowata ƙwallo kawai nake bugawa a gidan gem, sai kwanaki wani abokina ya nuna min wani gem da ake jera sojoji a fili mai gida-gida kamar na dara, ka matsa naka ka tsaya su ma su matsa nasu, wallahi abin ya shiga raina. Yanzu musu ya kaure a majalisarmu, wasu sun ce Fire Emblem ne uban tafiya, wasu sun ce Final Fantasy Tactics, akwai ma wani da ba ya jin kira shi dai XCOM. Wanne ya fi, kuma da wanne zan fara?
Daga wani matashi, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sanyi alhamdulillah. Musun nan naku ba zai ƙare ba, don kowannensu da abin da yake nema a wurin mai bugawa, kuma ni inda nake gane bambancinsu shi ne abin da ke faruwa ranar da ka yi ganganci aka kashe maka soja.

Fire Emblem ne babba a shekaru, 1990 ya fara fitowa a Japan, kamfanin Intelligent Systems ne ya yi wa Nintendo, sai 2003 mutanen waje suka fara samunsa da Turanci a Game Boy Advance, na'urar gem ta hannu ta Nintendo. Lissafinsa ba wuya: takobi na cin gatari, gatari na cin mashi, mashi na cin takobi, mai baka kuma yana kakkaɓo duk abin da ke tashi sama. Amma kowane soja yana da suna da fuska da halinsa, ka ajiye biyu kusa da juna a fagen daga su saba har su riƙa hira, kuma in ya mutu ya mutu kenan har ƙarshen gem. Ban manta wani dare ba cikin hunturu, na ƙudundune a bargo yatsuna sun ƙage, na kusa awa ɗaya a fage ɗaya saura shugaban abokan gaba kawai, sai na tura yarinyar nan mai doki mai fuka-fuki gida biyu gaba don ta kwaso wani akwati, ashe akwai mai baka a bayan bango ban duba iya inda kibiyarsa ke kaiwa ba. Kibiya ɗaya. Na kashe na'urar na kunna na faro daga farko, kuma duk wanda ya ce maka bai taɓa yin haka ba a Fire Emblem to ka bar shi da Allah. Na baya-bayan nan sun sassauta, Awakening na 2012 yana da zaɓin da wanda ya faɗi zai dawo a fage na gaba, Three Houses na 2019 kuma har mayar da lokaci baya ake yi a gyara kuskure.

Final Fantasy Tactics kuwa, 1997 a PlayStation na farko, aikin Yasumi Matsuno ne, kuma shi ne nawa, gara in faɗa tun yanzu kar a ce na ɓoye. A nan ba wai ɓangarenka ya gama sannan nasu ya fara ba, kowane soja da nasa layin gwargwadon saurinsa, mai sauri sai ya motsa sau biyu kafin mai nauyin jiki ya ɗaga ƙafa. Filin ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai tudu da kwari da rufin gida, mai baka in ya hau sama kibiyarsa ta fi nisa, kuma in ka zagayo ta bayan mutum ya fi wuya ya kauce. Daɗinsa na gaske yana wurin sana'o'i, soja ɗaya ya fara a kurtu, ya koma mai haɗa magani, ya koma ɓarawo, ya koma ninja, kuma dabarar da ya koya a wancan aikin yana iya tafiya da ita wannan, sai ka ga ka ɓata awa guda kana ta haɗe-haɗe ko faɗa ɗaya ba ka yi ba. In sojanka ya faɗi ana ƙirga masa uku a kansa, ka tashe shi kafin ta ƙare ko ya tafi gaba ɗaya, to wannan gudun ceton shi ke sa mutum zufa ko a sanyin Jos.

Gargaɗi ɗaya, kuma na saya da tsada: a ƙarshen babi na uku akwai fadar Riovanes, faɗa ne a jere ba fita, gem zai tambaye ka ko za ka ajiye, in ka danne ajiyarka guda ɗaya tilo sai ka tsinci Ramza, jarumin gem ɗin, shi kaɗai gaban wani babban abokin gaba mai suna Wiegraf, in bai yi ƙarfi ba babu hanyar komawa ka ƙara horo. Ni haka na yi asarar wajen sati uku. Ka riƙa ajiya gida biyu.

Yayan wannan gem ɗin shi ne Tactics Ogre na 1995, shi ma na Matsuno, an sake gyara shi a 2022 da sunan Reborn. Labarin rikicin ƙabilanci ne, kuma tun a babin farko ake ba ka umarni ka kashe mutanenka a wani gari a ɗora wa abokan gaba laifin don jama'a su harzuƙa, ka yarda ko ka ƙi, labarin ya rabu daga nan. Mu da muka tashi a nan Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba, ni dai na ajiye shi na kwana biyu kafin na zaɓa.

XCOM ba takobi ba doki, bindiga ce da halittun wata duniya da suka kawo wa ƙasa hari. Asalinsa 1994 ne na Julian Gollop, amma wanda abokinka ke magana ina jin na kamfanin Firaxis ne, Enemy Unknown na 2012 ko XCOM 2 na 2016. Komai a nan fakewa ne, rabin bango ko cikakken bango, wanda ya tsaya a fili gawa ne. Sojojin ba su da wani labari sai wanda kai ka ba su, shi ya sa mutane ke sa musu sunan abokai, kuma an gina shi ne a kan cewa za ka yi asara ka ci gaba a haka, ka ɗauko sabon kurtu ka maye gurbi.

To ka fara da Fire Emblem, kuma ka bar mutuwar a kunne. In ka ga ka fi daɗewa wurin shirya sojoji fiye da faɗan, ka koma Final Fantasy Tactics. XCOM ka bari sai zuciyarka ta yi tauri.

TAMBAYA: Malam don Allah XCOM ba cuta yake yi ba kuwa? An rubuta min 95 cikin 100, bakin bindiga har yana taɓa goshin dodon, harsashi ya wuce ta gefe. Na sake lodawa ya sake kuskurewa!
Daga wani ma'aikaci, Kubwa, Abuja

AMSA: Yallaɓai a yi haƙuri, ba kai kaɗai ba ne. 95 cikin 100 na nufin a harbi ashirin ɗaya zai iya zubewa, kuma a gem ɗaya harbi ɗari nawa kake yi? Sha taran da suka samu ba ka tuna su, wannan ɗayan da ya jawo aka kashe maka gwani shi za ka kai kabari. Maganar sake lodawa kuma da gangan ne, gem ɗin yana ajiye jerin lambobin sa'arsa tare da ajiyarka, in ka maimaita abu ɗaya a tsari ɗaya sakamako ɗaya za ka gani, sai dai ka canza wanda zai fara harbi.

Abin dariyar ma, in ana maganar cuta to Fire Emblem ne ke yi, amma don kai yake yi. A na Game Boy Advance da wasu na bayansu lamba biyu ake jefawa a ɗauki tsakiyarsu, saboda haka in an rubuta maka 80 gaskiyarta ta kai kusan 92, in an rubuta wa abokin gaba 20 kusan 8 ne kawai. Wanda ya saba da wannan gatan in ya shigo XCOM dole ya ga kamar ana zaluntarsa. Shi kansa XCOM 2 a matakan sauƙi yana ƙara maka ɗan taimako a ɓoye.

In ranka ya gaji da caca kwata-kwata ka nemi Into the Breach na 2018. Fili ne gida takwas-takwas, mutum-mutumi uku kake da su, kuma maƙiyan suna nuna maka inda za su kai hari kafin su kai, aikinka ka ture wannan ka toshe wancan. Ya fi kama da dara, in ka faɗi ba wanda za ka zarga.

TAMBAYA: Yaya ni ba ni da Switch ba ni da PlayStation, tsohuwar laftof ce da na gada wurin yayata sai waya, ga data ta yi tsada. Akwai wanda zan iya bugawa?
Daga wata ɗaliba, Farin Gada, Jos

AMSA: Akwai ƙanwata. Battle for Wesnoth kyauta ne tun 2003, masu sa kai ne ke gina shi, ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta kuma da zarar kin sauke ba ya neman intanet. Gidajen filinsa masu kusurwa shida ne, akwai dare da rana, wasu sojoji ƙarfinsu na ƙaruwa da kashi 25 da rana ya ragu da dare wasu kuma akasin haka, sai ki koyi ja da baya kafin magariba ta yi miki a fili. Sa'a tana da yawa a ciki, na gaya miki tun yanzu.

A waya kuma akwai Final Fantasy Tactics: The War of the Lions, na saye ne amma sau ɗaya za ki biya. Fire Emblem Heroes na 2017 kyauta ake saukewa, sai dai filayen ƙanana ne, ba ya yi sai da data, kuma jarumai ta hanyar ƙuri'a ake samu, kullum yana miki kwalele ki sa kuɗi. Da kuɗin makaranta a hannu ni ban ba ki shawararsa ba.

TAMBAYA: Wai da gaske akwai gem ɗin da ake kai soja mataki 9999?
Daga wani ɗan sakandare, Bukuru

AMSA: Da gaske ne, Disgaea kenan, 2003 ya fara a PlayStation 2, har ɗaga sojanka kake yi ka wurga shi kan abokan gaba. Amma ka gama jarrabawa tukuna.