Ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila: yadda ake tara kalmomin Turanci su zauna

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce kana neman gurbin digiri na biyu a Ingila, jami'ar ta nemi maki 6.5 a IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci, ka sayi littafin "manyan kalmomi" kana haddace hamsin kullum, amma kafin mako ya zagayo sai su zube. Kana tambaya ko akwai hanyar da ta fi wannan.

Akwai, kuma farkonta ka ajiye littafin nan tukuna. Irin kalmomin da ke cikinsa, sai ka gama digirinka ba ka gamu da rabinsu ba. Paul Nation, masanin koyon kalmomi a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafi ba tare da jingina da ƙamus ba yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, wanda ke nufin gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Gida a nan shi ne kalma da 'ya'yanta: analyse, analysis, analyst da analytical duk gida ɗaya ne. Giɓin ɗalibin da ya gama jami'a a gida yawanci yana tsakiya ne, a kalmomin da malamai ke rubutu da su kullum, irin su assume, derive, constrain, underlying.

Saboda haka ka sauko da Academic Word List, jerin kalmomin rubutun ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000. Kyauta ne a intanet. Gidaje 570 ne, an kasa su kashi goma, kashin farko shi ya fi yawan fitowa, kuma gaba ɗayansu suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Kalma goma a rana, kwana shida a mako, cikin mako goma ka sauke shi. Bayansa sai Oxford 5000, jerin kalmomin da Oxford ta ware wa masu koyon Turanci, ka tsinci na matakin B2 da C1, wato manyan matakan jerin, waɗanda ba ka sani ba.

Dalilin zubewar da kake gani kuwa, duk wanda ya yi karatun allo ya san shi: hadda ba tishi ba ta zama. Kana ta ƙara sabon karatu, na baya ba ka waiwaye shi. Manhajar Anki, wadda ake rubuta kalmomi a kan kati mai gaba da baya a cikinta, ita ke tsara maka tishin. Kalmar da ka tuna, sai ta jinkirta dawo da ita, daga kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki zuwa makonni. Wadda ka manta kuma ta dawo maka da ita nan kusa. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake biya. Tana zuwa da saitin sababbin kati 20 a rana. Ka mayar da shi 10. Masu manhajar da kansu sun ce 20 a rana kan kai mutum ga bitar kati kusan 200 kullum, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya: a tsallake kwana uku, a buɗe a ga ɗari shida na jira, a goge manhajar. Da goma, minti ashirin bayan sallar asuba ya ishe ka.

Yadda za ka rubuta katin ya fi komai muhimmanci, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Kada ka sa kalma a gaba, fassararta a baya. Wannan yana koya maka gane kalma idan ka gan ta, amma ranar rubutu ba za ta zo bakin alƙalami ba. A gaban katin ka sa cikakkiyar jimla da gurbi: "The study was ___ in three hospitals." A baya ka sa conducted, da inda ake danna murya, da kalmomi biyu ko uku da take tafiya da su: conduct research, conduct an interview, conduct a survey.

Abokan tafiyar nan su ne ainihin Turancin. Ka duba namu harshen. Baƙon da ya san "ci" ya san "bashi" ba zai gano da kansa cewa bashi cin sa ake yi ba, wahala kuma shan ta ake, hukunci yanke shi ake. Haka Bature yake cewa make a decision, heavy rain, raise a question, pose a threat. Idan ka rubuta "do a decision" ko "strong rain", kowace kalma daidai take, amma mai duba takarda ya riga ya gane. A rubutun IELTS ma'auni huɗu ake duba, kowanne da kashi ɗaya bisa huɗu na maki, ɗaya daga ciki shi ne amfani da kalmomi, kuma abin da ake nema a ciki har da dacewar kalma da maƙwabtanta. Babbar kalma da aka cusa inda ba muhallinta ba rage maki take yi. Don haka ka guji ɗauko madadin kalma daga jerin masu kama da juna ba tare da ka ga jimlarta ba. Suggest, indicate, demonstrate da prove ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ka ce bincike ɗaya ya "prove" wani abu, malamin jami'a zai ja maka layi. Oxford Collocations Dictionary, ko sashen misalai na ƙamus ɗin Longman da Cambridge a intanet, su za ka riƙa buɗewa.

Akwai kuma tarkon da Hausa da Turancin gida ke ɗana mana. "Ara mini" ya sa muke cewa "borrow me", alhali mai bayarwa lend yake yi. "Na ji wari" ya zama "I hear a smell". Severally a wurinmu "sau da yawa" ce, a Ingila kuma kalmar lauyoyi ce mai nufin "kowa daban". A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da Kannywood da next tomorrow, don haka Turancinmu ba abin kunya ba ne, sai dai a takardar jarrabawa ka rubuta the day after tomorrow. Ka buɗe wa irin waɗannan shafi na musamman.

Kati kaɗai ba ya wadatarwa, sai kalma ta riƙa cin karo da kai a karatu. Kullum ka karanta maƙala ɗaya daga shafin intanet na The Conversation ko jaridar The Guardian, musamman a fanninka. Gwada shafi mai kalmomi 300: idan waɗanda ba ka sani ba sun kai shida, daidai kai ne; idan sun haura goma sha biyar, nemi mai sauƙi. Kada ka tsaya duba kowace kalma. Ja layi, gama karatun, sannan ka zaɓi biyar su shiga Anki da jimlolinsu.

Ranar Asabar ka zauna da agogo, ka rubuta kalmomi 250 cikin minti 40 kamar yadda Task 2, wato kashi na biyu na rubutun IELTS, yake, ka sa kalmomi takwas daga na makon. Ka ba wanda ya fi ka ya duba, ka roƙe shi ya yi maka alama a duk inda kalma ta zauna ba daidai ba.

Sannan kowace sabuwar kalma ka saurari lafazinta a ƙamus ka maimaita da ƙarfi. Economy a gaɓa ta biyu ake danna ta, economic a ta uku, kuma economical wata kalma ce daban mai nufin tsimi. Harshenmu bai raba p da f ba, don haka ka riƙa gwada pull da full, pan da fan, copy da coffee, kana ɗaukar muryarka a waya kana saurara. Haruffan ma ka rubuta su da hannu, domin a sashen sauraro na IELTS amsar da ka ji daidai amma ka kuskure harafi ɗaya, kamar accommodation da m guda, ba ta da maki.