Tambaya da amsa: gyambon karena ya kai wata uku ya ƙi warkewa

Tambaya:

Salamu alaikum likita. Ni a Tawa nake zaune, ina da kare irin na Azawak ɗin nan, tun shina ɗan kwikwiyo na samo shi, yanzu shekararshi bakwai, shi ke min gadin gida da awaki. Tun ƙarshen rani ya fara rama, ba ya son motsi, ga kaska cike da kunnuwa da tsakanin yatsu. Sai ciwo ya fito mishi a ƙugu da bakin kunnuwa duka biyu, yau wata uku kenan. Na barbaɗa kafso, na shafa baƙin mai sabida ƙuda, wani ya ce in sa girezil na sa, har pikir, wato allura, wani mai saida magani a kasuwa ya yi mishi, ya ji sauƙi kwana kaɗan sai abin ya dawo ya fi da. Abincinshi sauran tuwo da miya ne na gida. Mutane na ta min dariya wai kare nake jinya. Dan Allah mi ke hana ciwon warkewa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Masu dariya ka bar su, ai a hadisi an gafarta wa mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, balle wanda ya yi shekara bakwai yana kwana a farke saboda gidanka.

Toh ga yadda abin yake. Ciwon fata a jikin kare mai lafiya, in ana wanke shi, cikin sati biyu zuwa uku ya kamata ka ga ya tsuke ya fara rufewa. Wanda ya kai wata uku a buɗe, akwai abin da ke riƙe shi, kuma daga labarinka ni na fi zargin cikin jiki fiye da fatar kanta, domin ramar da kasalar su suka riga gyambon zuwa. Muddin ba a gyara can ciki ba, duk maganin da ka shafa a waje kamar yaɓen bango ne ana tsaka da ruwan sama.

Mu fara da kaska, don ita ce ta fi tsaya min a rai. Wannan jar kaskar ta karnuka ba shan jini kaɗai take ba, tana ɗauke da cututtuka biyu da muka saba gani a ƙasashe masu zafi, erlikiya da babeziya. Erlikiya tana iya zama a jikin kare watanni tana cinsa a hankali, ya rame, ya yi zazzaɓi ya sauka, wani lokaci har haɓo, ita kuma babeziya fasa jajayen ƙwayoyin jini take har fitsari ya yi duhu. Kuma jini ne ke kai wa ciwo iska da abincin da zai gina sabon nama da shi, karen da jininsa ya yi ƙasa ba shi da abin ɗinke fata. Yau ɗin nan ka ɗaga leɓensa na sama ka duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai ɗan haske kuma da danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari, kafin daƙiƙa 2 jan ya dawo. In ka same shi fari fat ko ya yi rawaya, kada ka jira sati mai zuwa, ka kai shi wajen likitan dabbobi a ɗebi jini a yi analiz. In erlikiya ce maganinta doksisiklin ne na kwana 28 cur, gwargwadon nauyin karen, kuma inda mutane ke faɗuwa shi ne kwana biyar kare ya fara cin abinci sai a ajiye magani, bayan wata biyu ciwo ya dawo a ce ai maganin bai da kyau.

Sannan kaskar nan ba a jikinsa kaɗai take ba. A tsagar bango da ƙarƙashin tarkace take ɓuya, mace guda na zuba ƙwai dubbai, shi ya sa kana cirewa yau gobe ka ga wasu. Wurin kwanansa ma sai an share an yi feshi. Amma dan Allah kada ka ɗebi maganin wankan shanu ka kwaɓa da ka ka zuba masa, ko ka yi masa ibermektin na shanu da kintace, ƙarfin da aka yi wa bijimi ba na kare mai kilo 20 ba ne, ballantana ga buɗaɗɗen ciwo. Akwai na karnuka, na ɗigawa a ƙeya irin Frontline, ko ƙwaya irin Bravecto da ke aiki sati 12, likita zai zaɓa maka wanda aka samu.

Sai abinci, kuma nan ina son ka saurare ni da kyau tunda a ƙasar albasa kake. Miyar gidajenmu ba ta rabuwa da albasar Galmi, ɗanya, soyayya, busasshiya, ita kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafawa ba ta kashe wannan illar, kuma kaɗan-kaɗan kullum yana taruwa. Ka ga kenan kaska na rage jini ta nan, miya na ragewa ta can. Tuwon hatsi ba laifi ba ne amma shi kaɗai ba ya gina nama. Ka riƙa cire masa tuwonsa kafin a zuba miya, ka haɗa da dafaffen ƙwai, ko tumbi da huhu da guntayen nama na wajen mahauta a dafa ba gishiri ba yaji ba maggi, hanta sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Ƙashin kaza dafaffe ban yarda ba, yana tsagewa ya huda hanji. A ba shi maganin tsutsar ciki ma, akwai wadda ke maƙale a hanji tana zuƙar jini.

Wani abu da zan ce ka lura da shi: ruwan da yake sha. Kare mai kilo 20 kusan litir 1 zuwa 1 da ɗan ƙari yake sha a yini, da zafin Afrilu da Mayu na Tawa zai ƙara. Amma in ana sanyi ma yana wuce litir 2, yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, yana ci yana rama, to a auna suga da ƙoda, shekara bakwai lokacinsu ne. Kare ma yana ciwon suga, kuma kamar na mutum ciwo ba ya warke masa da wuri.

Pikir ɗin kasuwa kuma, sauƙin nan na kwana kaɗan sannan abu ya dawo ya fi da, halin deksametazon ne da danginsa. Yana sauke kumburi, kare ya miƙe ya ci abinci, mai shi ya yi murna, alhali a ƙarƙashi ya danne garkuwar jiki ya kuma tsayar da tsirowar sabon nama. In kwalbar na nan ko ka tuna sunan, ka faɗa wa likitan. Baƙin mai da girezil kuwa a daina daga yau, girezil na wanke masai ne da garke, ƙona nama yake, kuma kare na lashewa ya tafi hanta. Haka alkol da ruwan oksijene mai kumfa, suna kashe ƙwayar cuta amma suna haɗawa da ɗanyen naman da ke ƙoƙarin fitowa. Kuma ko da wasa kada a ba shi parasetamol, ibuprofen ko diklofenak na mutane don zafi, biyun ƙarshen nan suna huda cikin kare suna kashe ƙoda.

Yanzu wankin ciwon. Ka sa masa takunkumi ko ka ɗaure bakin da tsumma mai laushi, kare ko naka ne in ya ji zafi zai kai cizo. Ka sa safar hannu, ka aske gashin gefen ciwon. Ka tafasa ruwa rabin litir ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya shafe, ya huce, ko ka sayi serum, wato ruwan gishirin wanke ciwo, a farmasi, ka zuƙa a sirinji marar allura ka riƙa fesawa da ɗan ƙarfi har dattin da mugunya su fita. In za ka sa Betadine ka sirka, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ba zallarta ba. Bayan nan zuma ta gaskiya wadda ba a haɗa da ruwa ba, a shafa a kwampires a ɗora a naɗe ba da matsi ba, a canza kullum, in yana jiƙewa sau biyu. Zuma na janye ruwa daga ciwo tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, likitocin dabbobi na amfani da ita, amma fa sai a rufe, in ba haka ba ka gayyato ƙuda da tururuwa da harshensa.

Harshen nan ma babbar matsala ce. Ana cewa miyan kare magani ne, ba haka ba ne, dare ɗaya na lasa yana kwashe aikin sati guda. Ka samu ƙaramin bokitin roba ka yanke gindinsa, ka naɗe bakin yankan da tsumma, ka zura masa a wuya ka ɗaure da abin wuyansa yadda bakinsa ba zai kai ƙugu ba amma zai iya ci da sha. Kwana biyun farko zai yi ta fushi yana karo da bango, ka daure, zai saba.

Na ƙugu kuma ina kyautata zaton kwanciya ce ta jawo shi. Karen Azawak dama haka Allah ya yi shi, fata siririya, ba kitse, ƙasusuwan ƙugu a waje, in ya ƙara rama ya yini kwance kan siminti ko tsakuwa ta gefe guda sai ƙashi ya murƙushe fatar jini ya daina zuwa. A shimfiɗa masa tsohuwar katifa ko buhuna a inuwa, wuri busasshe, in ba ya juyawa da kansa a riƙa juya shi. Kada ya kwanta a rairayin da ake fitsari, a nan wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. Na bakin kunne kuwa cizon ƙudan garke ne, tunda yana kusa da awaki, sai ka matsar da shi nesa da taki, a wanke kunnen a shafa bazilin da kauri ko man korar ƙuda na karnuka, da rana in da hali ya kwanta cikin gidan sauro. Da damina abin ya fi tsanani.

Alamar kana kan hanya ita ce ciwon ya yi ja mai ɗan gurza-gurza, ba wari, gefensa na matsowa da wata siririyar fata mai haske. Ka ɗau hoto da waya duk Juma'a ka ajiye kwalin ashana kusa da shi don gwada girma, ido na mantuwa. In sati biyu sun wuce kana duk wannan bai ragu ba, ko gefen ya yi tauri ya tashi yana zubar jini da an taɓa, a nan sai likita ya yanki ɗan nama a duba, saboda akwai ƙari da kansar fata da ke zuwa da kamar gyambo, kuma in ya yi zurfi zuwa ƙashi sai an kankare mataccen nama ko an ɗinke. Wari mai ƙarfi, tsutsa a cikin ciwo, ƙin cin abinci kwana biyu, amai, ko zafin jiki sama da digiri 39.5, waɗannan na ranar ne ba na gobe ba.

In ka je ka tafi da katin rigakafinsa, in bai da shi ka tambayi allurar rigakafin haukan kare, likita zai faɗa maka ko a yi yanzu ko a bari ya ɗan murmure. In kuma garin wanki ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 sannan ka wuce asibiti a ranar. Yara kada su riƙe maka shi lokacin wankin, ka nemi babba.