Tambaya da Amsa: Zan Iya Wanke Injin Motata a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, kuma tun shigowar hunturu ƙura ta lulluɓe cikin bonet har ba a gane launin komai. Bara na bayar an wanke injin da na'urar feshi mai ƙarfi a wani wurin wankin mota, sai ta ƙi tashi, da ta tashi kuma ta yi ta rawa har sai da na kai ta wurin mai wayarin. Shin zan iya wankewa da kaina a gida, kuma me zan shafa ya yi ƙyalli?
Mai karatu daga Kurna, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, kuma kusan duk abin da aikin ke bukata yana cikin gidanka: sabulun ruwa na wanke-wanke, burushin fenti mai laushi, tsohon burushin haƙori, tsummoki masu tsabta, ledoji, da robar feshi irin ta masu aski.

Abin da ya sami motarka bara ba aikin ruwa ba ne kawai, aikin ƙarfin ruwan ne. An ƙera injin mota ya jure feshin ruwan sama da na kwata, amma robobin da ke rufe mahaɗar wayoyi ba a yi su don ruwan da aka harbo da matsi ba, balle a motar da ta haura shekara goma sha biyar tana shan zafin Kano, inda robobin suka riga suka bushe. A irin Corolla ɗinka kowane fulogi yana da kwayil ɗinsa, wato abin da ke ba shi wuta, a kansa, a cikin rami mai zurfi a saman injin, kuma da zarar ruwa ya kwanta a ɗaya daga cikin ramukan nan huɗu wuta ba za ta isa fulogin yadda ya kamata ba. Rawar da ka ji ke nan.

Ka zaɓi safiya, kafin ka tayar da motar, ka ajiye ta a inuwa. Injin da ya yi tafiya yana kai wa zafin digiri 90 a ma'aunin Celsius, bakin salansa kuma ya ninka haka sau da yawa, don haka zuba masa ruwan sanyi na iya tsaga ƙarfe, sabulun ma bushewa zai yi ya bar tabo. Ka kwance kan batir mai alamar ragewa da sifana mai lamba 10, ka sani cewa agogo da tashoshin rediyo za su goge. Daga nan ka ɗaure leda a kan altaneta (na'urar da ke cajin batir), da akwatin fis, da bakin bututun da injin ke shaƙar iska, da kwayil-kwayil ɗin.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne mafi amfani a garinmu, wato sharar busasshiyar ƙura. Yawancin dattin injin a Kano ƙurar hunturu ce mai laushi kamar gari, wadda idan ka jiƙa ta sai ta zama taɓo ta shige kowane lungu. Ka bi ko'ina da burushin fenti tukuna, ka kwashe ganyen darbejiya da ya taru a gindin gilashin gaba, domin yana toshe hanyar ruwa da damina. Za ka ga rabin aikin ya ƙare ba ka taɓa ruwa ba.

Sai ka zuba sabulu kamar cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa sashe-sashe, ka bari ya yi 'yan mintoci, ka cuɗa da burushi, ka ɗauraye da feshin ruwa zalla ko jiƙaƙƙen tsumma. Inda baƙin mai ya daskare, ka sayi maganin cire maiƙo a shagunan kayan mota, irin na Ƙofar Ruwa. Na san da yawan kanikawa da fetur ko kananzir suke wannan aiki, amma ban ba ka shawarar haka ba: fetur yana cin roba, tururinsa kuma tartsatsi ɗaya yake jira. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, bekin soda na masu yin kek da ɗan ruwa yake so, ba sodar haɗa sabulu ba, wadda ke cin fata da alminiyam. Bayan ka gama ka tsane ko'ina da busasshen tsumma, ka cire ledojin, ka bar bonet a buɗe kamar awa ɗaya, sannan ka mayar da batir ka tayar da injin ya yi minti goma domin ɗuminsa ya kori sauran danshi.

Game da ƙyalli, a nan ne nake da saɓani da masu wankin mota. Wasu suna shafa baƙin mai, wasu man birki, wasu man goge taya, injin ya fito yana sheƙi, mai mota ya ji daɗi. Man birki yana ɓare fenti, baƙin mai yana kumbura tiyon lagireto, kuma duk abin da ke da maiƙo ƙura yake kamawa, ta yadda cikin mako guda injin zai fi da datti. Ka nemi man gyaran roba wanda aka haɗa da ruwa, ka ɗiga a tsumma ka goga a baƙaƙen murafai da tiyo-tiyo kawai, sannan ka bi da busasshen tsumma har sai ba ya danƙo a hannu. Kada ya taɓa fambel ko kaɗan, domin zai riƙa zamewa yana ƙara, cajin batir ya ragu.

Sau biyu a shekara ya isa: ƙarshen hunturu wajen watan Maris, da kuma bayan ɗaukewar damina. Kwana biyu ko uku bayan kowane wanki ka sake buɗe bonet ka duba gefen murfin saman injin da mahaɗar tiyo, domin a kan tsabtataccen ƙarfe ne sabon yoyon mai ko na ruwa ke nuna ainihin inda yake fitowa, sai ka nuna wa bakanikenka wurin kai tsaye.